Zana Kafin Ka Lissafa

Ya kai ɗalibi, ka taɓa tsoma cokali a cikin kofin gilashi mai ruwa? Idan ka dube shi ta gefe, sai ka ga kamar ya karye a daidai fuskar ruwan. Da ka zaro shi kuwa, sai ka tarar lafiyarsa lau. Wannan shi ne abin da malaman Fiziks suke kira karkatar haske, darasin da yake ci wa ɗalibai da yawa tuwo a ƙwarya duk ranar da aka ba su aikin gida.

Ni dai harshe nake koyarwa, ba Fiziks ba. Amma na sha ganin ɗalibi ya haddace ƙa'idar lissafi tsaf, in aka ce ya bayyana ma'anarta sai ya yi shiru. Saboda haka ra'ayina shi ne, kada ka taɓa kalkuleta sai ka faɗi tambayar da bakinka, ka kuma zana ta a takarda.

Ga abin da ya kamata ka iya faɗi. Haske yana gudun kimanin kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya cikin iska. Idan ya shiga ruwa sai gudun ya ragu zuwa kimanin 225,000, a gilashi kuma 200,000. Wannan sauyin gudu shi ne yake karkatar da shi in ya shiga a kaikaice. Raba 300,000 da 200,000, za ka sami 1.5, wato ma'aunin karkata na gilashi. Na ruwa 1.33 ne. Ka ga ashe lambobin nan ba daga sama suka faɗo ba.

Sai zane. Ja layi a kwance ya zama iyaka tsakanin gilashi da iska. Ja wani a tsaye ya ratsa shi daidai inda hasken ya sauka. Daga wannan layi na tsaye ake auna kowace kusurwa, ba daga na kwance ba. A nan ne mai gaggawa yake yin tuntuɓe, ya rubuta digiri 60 inda ya kamata ya rubuta 30.

Idan haske zai fita daga gilashi zuwa iska, yana karkata nesa da layin tsaye. In ka yi ta ƙara kusurwar, za a kai matsayin da zai bi fuskar gilashin a kwance. Wannan ita ce kusurwar iyaka. Raba 1 da 1.5, ka sami 0.67, ka nemi kusurwar da sain ɗinta ya yi daidai da haka, za ka ga kimanin digiri 42. Ta ruwa kusan 49 ce, ta lu'ulu'u kuma 24. Hasken da ya zo a kan digiri 30 zai fita daga gilashi. Wanda ya zo a kan 50 kuwa ba shi da mafita, ciki zai koma gaba ɗaya. Wanda ya yi zane ba zai nemi kusurwar iyaka ga hasken da yake shiga ruwa daga iska ba, domin ya ga babu ita.

Wataƙila ka ce lokaci ba ya isa, musamman a zauren jarrabawar WAEC ko NECO. Gaskiya ne zane yana cin minti ɗaya ko biyu. To, amma aikin gida ba jarrabawa ba ne, fagen gwaji ne. Wanda ya saba da zane a gida, hannunsa zai yi sauri a zaure. Wanda ya kwafi amsar abokinsa kuwa, ranar da aka sauya lamba ɗaya ramin ƙarya zai ƙure. Ibn Sahl, masanin da ya bayyana ƙa'idar nan a Bagadaza wajen shekarar 984, da zane ya yi aikinsa, ƙarnuka kafin Snell na ƙasar Holan ya sake gano ta a 1621.

Kada kuma ka ɗauka maganar maki ce kaɗai. Zaren gilashin da yake ɗauko intanet ta ƙarƙashin teku zuwa Legas da wannan komawar haske yake aiki. Tafki mai zurfin mita 2, in ka leƙa shi daga sama, sai ka ga kamar mita ɗaya da rabi ne. Yaron da bai iya iyo ba, bai kuma san haka ba, yana iya jefa kansa cikin haɗari.

Don haka yau da dare, kafin ka buɗe littafin aikinka, ɗauko kofi da cokali da ruwa. Kira ƙanenka ka bayyana masa abin da ya gani, da Hausa in za ka iya. In ya gane, to kai ma ka gane, sai ka ɗauki biro. In kuwa bakinka ya sarƙe, gobe ka tambayi malaminka. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata.