KUNNE YA SHA: Mako Guda Da Jitar Maƙwabtan Mu

 A wannan karon ba da fim zan fara ba. Kiɗa na zauna na saurara har tsawon mako guda, irin wanda Turawa ke kira rok, wato wanda jitar lantarki ke jan gaba, ganguna na mara mata baya. Na san wani zai ce, "To mu ina ruwan mu da hayaniyar Turawa?" Yi haƙuri ɗan'uwa, wannan ba daga Ingila ko Amurka ya zo ba. Daga bayan katangar mu ya fito, kuma har da hannun mu a ciki.

Ran Lahadi, ranar kasuwar Illela, na fito daga gida nan Darna Sabon Gari na zauna wajen wani mai shayi mutumin Tawa. Sai na ji wata waƙa na tashi a wayar sa. Muryar ta sha gyaran kwamfuta, ta na rawa kamar ta waƙoƙin finafinan mu, amma ko kalma ɗaya ban gane ba. Na ce masa, "Wannan a wane fim ta ke?" Ya ƙyalƙyale da dariya ya ce, "Malam, ba fim ba ne. Wani Buzu ne, Mdou Moctar. Kuma wanga kiɗi nan Sakkwato anka ɗauke shi." Wallahi sai kunya ta kama ni. Ga ni a bakin boda, tsallake ɗaya na shiga Birnin Ƙonni, amma ban san shi ba. Daga nan na zarce wajen masu tura waƙoƙi aka cika mani memori.

Litinin da Talata duk a kan wancan kundin na ƙare. Sunan sa 'Anar', kuma gaskiyar mai shayi ce, a Sakkwato aka naɗe shi cikin 2008. Mdou ɗan jihar Tawa ne a Nijar, da harshen Tamashek ya ke waƙa, amma duk wanda ya tashi da waƙoƙin fim na wancan lokaci zai ji kamar gida ya shigo: ɗan kiɗan na'ura a ƙasa, murya ta bi ta kwamfuta. Ku fara da waƙar 'Tahoultine'. Ita ce ta yi ta yawo daga waya zuwa waya har ta kai arewacin Mali, inda wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley ya tsince ta, ya sa ta cikin wani kundi mai suna 'Music from Saharan Cellphones' a 2011. Sai da ya sha nema kafin ya gano mai waƙar. Kamfanin sa, Sahel Sounds, shi ne kuma ya tattara waƙoƙin finafinan Hausa ya fitar da su a faifai mai suna 'Harafin So' a 2013. Kun ga ashe ana sauraren mu a inda ba mu zata ba.

Ran Laraba na sa 'Afrique Victime' na 2021. A nan ne na miƙe zaune. Kai ka rantse ba mutum ɗaya ba ne. Babu sauran gyaran murya. Mutum huɗu ne da hannuwan su: jita biyu, bes, da mai ganguna. Waƙar da kundin ya ci sunan ta ta haura minti bakwai. A hankali ta ke farawa kamar tafiyar raƙumi, sannan mai ganga ya riƙa ƙara wuta, har a kai inda jitar ke kuka kamar ana tsaga kwano. Kukan kuwa na da dalili, domin a kan zaluncin da aka daɗe ana yi wa Afrika ya ke magana. Mdou bahago ne, kuma jitar sa ta farko da kan sa ya haɗa ta, da katako da wayar birkin keke, don a gidan su ba a yarda da kiɗa ba. In kunnen ku ya ɗauka, ku bi da 'Funeral for Justice' na 2024, wanda ya fi zafi. Lokacin juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 su na Amurka su na wasa, komawa gida ta gagara. Mu ma nan ba mu manta ba, domin rufe boda aka yi har zuwa Maris 2024, kasuwar mu ta ji a jikin ta.

Alhamis na ɗan huta da masu sanyi. Bombino ɗan Agadas ne, yatsun sa sun fi na Mdou laushi. Ku nemi 'Tar Hani' a kundin 'Agadez' na 2011. Kundin sa 'Deran' na 2018 ya shiga takarar kambun Grammy. Sai iyayen tafiyar, Tinariwen na ƙasar Mali, waɗanda su ka lashe kambun a 2012 da kundin 'Tassili'. Nasu kiɗan na dare ne, bayan an yi Isha'i gari ya yi tsit.

Juma'a bayan an sauko masallaci na sa Tal National na birnin Yamai. Ga wanda matsalar sa rashin jin yare ce, to ga naka nan, domin su na waƙa da Hausa, Zabarmanci, Fulatanci da Tamashek. Jagoran su, wanda ake kira Almeida, ya yi aikin alƙalanci a kotu. Ku nemi 'Kaani' na 2013. Kiɗan biki ne sosai, saurin sa sai ka riƙe hula. Ga 'yan'uwa mata kuma akwai Les Filles de Illighadad daga wani ƙauye kusa da Abalak. Fatou Seidi Ghali ke kaɗa jita, su na haɗa ta da tande, gangar da matan Abzinawa ke yi da turmi.

Daren Asabar na rufe da fim, don kada Edita ya ce na bar layi. Sunan sa 'Akounak Tedalat Taha Tazoughai', ya fito a 2015, Kirkley ne darakta, Mdou ne jarumi, a Agadas aka ɗauka. Labarin makaɗi ne da ya zo gari neman suna, ga abokan hamayya, ga budurwa, ga uba mai ganin kiɗa ɓata ne. An gina shi a kan 'Purple Rain' na mawaƙi Prince, na 1984, kuma ba su ɓoye ba. Mu da aka daɗe ana yi wa gorin kwaikwayon Indiya, akwai darasi a nan. Sun ari ƙashin labarin, amma naman nasu ne: rawanin su, babur ɗin su, unguwannin su, kiɗan su.

To, ga abin da ya tsaya mani a rai. Bawan Allahn nan ya shigo sutudiyon mu, ya ɗanɗana salon mu, ya koma ya kama kayan kiɗa da hannu, yau duniya na sauraren sa. Mu kuma shekara da shekaru mu na kan fiyano ɗaya. Ka sa waƙoƙin fim goma a jere, in ba muryar mawaƙi ka sani ba, da ƙyar ka raba su. Ba na raina masu kiɗan sutudiyo, su su ka ɗauki industiri a kafaɗa tun zamanin 'Sangaya'. Amma ina magadan kuntigin Ɗan Maraya Jos? Ina gurmin Haruna Uji da kukumar Garba Supa? Tsirkiya ce fa su ma, kamar jita. Mai gurmi na nan a kasuwannin mu ya na yawo ana ba shi naira hamsin, babu furodusan da ya ce ya zo sutudiyo.

Roƙo na ga furodusoshi shi ne, a fim na gaba a ware waƙa ɗaya tak, a kira mai gurmi da mai kalangu, in da hali a ɗauko mai jita daga Ƙonni ko Tawa, a naɗe su su na kaɗawa tare. In 'yan kallo ba su so ba, ku zo nan Darna ku kama ni.

Ku kuma masu karatu, ku saurara ku aiko mani da ra'ayin ku ta hannun Edita. Amma don Allah a rage ƙara in an kira sallah. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.

Daga Darna Sabon Gari, Illela, Jihar Sakkwato.