La'ada Halal Ce, Ɓoye Farashi Kuwa Cin Amana Ne

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa, duk mai bin hanyar Katsina zuwa Jibiya ya san yadda ƙasa ta yi daraja a Daddara da garuruwan da ke bakin titi. Rashin tsaro ya tashi mutane daga ƙauyuka suna neman filin da za su kafa bukka kusa da jama'a. Rufe iyaka da aka yi daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da wanda ya biyo bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, sun tsayar da kasuwancin da mutanen yankin suka dogara da shi tsakaninsu da Maraɗi, har wasu suka ɗaga gonakinsu domin ciyar da iyali. Inda mai sayarwa ke cikin matsi, mai saye kuma baƙo ne, to nan kasuwar dillali ke ci, nan kuma rigimar la'ada ke tashi. Sau nawa muka ga ciniki ya faɗa da rana, kafin magariba an kai ƙara ƙofar mai unguwa?

Za mu fara da masu cewa dillanci haramun ne ɗungurungum. Wannan magana ba ta da tushe. Imamu Buhari ya ƙulla babi a kan ladan dillanci a cikin Kitabul Ijara, ya ambaci Ibnu Sirin da Aɗa'u da Ibrahim da Hasan a cikin waɗanda ba su ga laifinsa ba. Aya ta 72 ta Suratu Yusuf kuma tana cikin hujjojin malamai a kan ji'ala, wato sanya lada ga wanda ya cika wani aiki. Dillalin da ya sha rana, ya ƙona mai, ya haɗa mai gida da mai kuɗi, guminsa yake ci. Saboda haka mai filin da zai bari dillali ya kawo masa mai saye, sa'an nan ya zagaya da dare ya ƙulla cinikin domin ya tsere wa la'ada, ya ci haƙƙin ɗan'uwansa, ko da kuwa shi ne mai sahun gaba a masallaci.

To amma ɓarnar da ta fi yawa tana wajen dillalan da suka mai da amana jari. Ga misali: magada sun ce a sayar musu da gida naira miliyan 2. Dillali ya sayar miliyan 2 da dubu 500, ya hana mai saye ganin masu gida, ya soke rarar a aljihu, sa'an nan ya dawo yana neman kashi 5 cikin 100 a hannun kowane ɓangare. Idan an yi magana sai ya ce ai Ibnu Abbas ya halatta wa dillali abin da ya ƙaru a kan farashi. Muna tambaya: wa ya yi sharaɗin? A surar da aka ruwaito daga Ibnu Abbas, mai kaya ne da bakinsa ya yanka farashi ya bar wa dillali rarar, da saninsa da yardarsa. Ko a hakan ma Ibnu Hajar ya bayyana a Fathul Bari cewa mafi yawan malamai ba su yarda da wannan sura ba, domin ladan ba sananne ba ne. Ina ga wanda aka wakilta ya ɓoye wa marayu kuɗin gidan ubansu? Aya ta 29 ta Suratun Nisa'i ta rataya halaccin ciniki a kan yardar juna, wanda aka rufe wa ido kuwa ba a ce ya yarda ba.

Akwai kuma masu turo abokinsu ya taya fili da tsada alhali ba saye zai yi ba, don a ruɗi mai saye na gaskiya. Sunan wannan najashi, haninsa ya tabbata a Muwaɗɗa da Buhari da Muslim daga Ibnu Umar. Haka nan 'yan rakiya, mutum biyar ko shida da ba su ɗaga ko tsinke ba, amma ranar biya kowa ya miƙo hannu. Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani ya bayyana a Risala, littafin da kusan kowane ɗalibi a ƙasar Hausa ya karanta, cewa mai ji'ala ba ya cancantar komai sai ya kammala aikin. Wanda bai yi aikin ba fa?

Za su ce mana al'ada ce, haka muka tarar. Lalle malamanmu na Malikiyya suna aiki da al'ada idan ta zauna kowa ya san ta, kuma ba ta saɓa wa nassi ba. To wace ce zaunanniyar a nan? Wani ya ce kashi 5, wani ya ce 10. Wani ya ce mai sayarwa ke biya, wani ya ce mai saye. Abin da ake faɗa a kansa kullum ba zai zama alƙali ba. Za su kuma ce neman rubutu rashin yarda ne. Shin mun fi Allah sanin bayinsa? Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, ta yi umurni da rubuta bashi da kafa shaidu a kan ciniki.

Saboda haka muna kira da a ambaci la'ada tun kafin dillali ya ɗaga ƙafa: nawa ce, wa zai biya, yaushe. A rubuta a takarda gaban shaidu biyu. Mai saye da mai sayarwa su haɗu ido da ido, a faɗi farashin gaskiya a gabansu. Dillalin da zai karɓa daga ɓangarori biyu ya sanar da kowannensu. Masu unguwanni da dagatai kada su sa hannu a takardar da ba a rubuta haƙiƙanin kuɗi a cikinta ba, limamai kuma su ɗauki wannan babi a karatun masallatai. Idan an saɓa, kotunan shari'a suna nan tun da Jihar Katsina ta ƙaddamar da shari'a a shekarar 2000, alƙali kuwa da hujja yake hukunci, ba da yawan rantsuwa ba.

Ya ɗan'uwa dillali, hadisin Ƙaisu ɗan Abu Garaza ya nuna Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ya girmama masu sana'arka ya kira su 'yan kasuwa, ya kuma umurce su da sadaka saboda rantsuwa da yasasshen zance da ke shiga ciniki. Kada ka sayar da wannan girma da kuɗin gwauruwar da ta gudo daga ƙauye da 'ya'yanta.

Allah Ya tsare mu daga cin haram, Ya ba yankinmu zaman lafiya. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.