Kura da Shan Bugu, Gardi da Ɗaukar Kofi

Ƴan uwana ɗalibai, bari in tona asirin kaina tun wani bai riga ni ba. Ni ne wanda kuke yi wa dariya duk ranar Lahadi. Ranar kasuwar Filinge, kowa na bin rumfuna ko ya tafi kallon bal, ni da mutum huɗu na fadarmu muna can muna lallashin mai gidan kallo ya juya mana tele ɗaya zuwa Canal+ don mu ga motoci suna zagaye. Daga tseren Baharen na 28 ga Maris 2021 zuwa na Abu Dabi na 12 ga Disamba, tsere 22 anka yi a gasar Formule 1, kuma waɗanda sunka kuɓuce mini ba su kai yatsun hannu ɗaya ba. Har kaye na saya, ina rubuta makin Lewis Hamilton da na Max Verstappen kamar wanda za a yi wa jarrabawa a kai.

Ba abin da ban ji ba. "Kai da ko moto an hana ka hawa, mi ya haɗa ka da Formule 1?" "Wasan ɗiyan masu kuɗi ne, kai ko keke ba ka da." Ban musa ba. A farkon 2020 anka hana hawan moto a jiharmu ta Tilaberi saboda rashin tsaro, kowa ya san wahalar da munka sha. Gaskiya ne kuma wasan na masu kuɗi ne: a 2021 dokar da anka kafa don rage ɓarna cewa ta yi kada ƙungiya ta kashe fiye da dalar Amurka miliyan 145 a shekara, wannan wai shi ne tsumulmularsu. Rabon da a yi tseren a ƙasar Afirka tun 1993, a Kyalami ta Afirka ta Kudu. Nisan da suke ci cikin awa ɗaya da rabi, kilomita 305 ko kusa, kamar ka bar Filinge ka taɓa Yamai ka juyo har ka wuce Balleyara ne. Mu kau mun san awa nawa tafiya ɗaya ke cin mu.

To duk da haka ban zo ba ku haƙuri ba, faɗa na kawo. Kuma faɗan da ni kaina na fara shi, don wata takwas na yi ina kallo da idon wawa. Direba kawai nake gani. Sai a ƙarshen shekara na gane abin da tseren ke nuna mini tun farko: mutanen da mu ƴan lakkwal munka fi rainawa a garin nan, masu baƙin mai a riga da kile a aljihu, su ne ke riƙe da gasar mota mafi tsada a duniya. Mu da muke taƙama da biki da kaye, mun mai da aikin hannu abin zagi, kuma wannan rainin ne zai bar mu muna jiran baƙo ya ɗaure mana noti har mu tsufa.

Ga wanda bai taɓa kallo ba: a tsakiyar tsere dole mota ta shigo a sauya mata taya. Mutum kusan 20 ke jiranta, uku a kan kowace taya, ɗaya ya kwance, ɗaya ya cire, ɗaya ya saka sabuwa. A Birazil a 2019 makanikan Red Bull sun gama wanga aiki cikin daƙiƙa 1.82, kafin ka ce "assalamu alaikum" mota ta tafi. Yanzu dubi abin da ya faru a Monako ranar 23 ga Mayu 2021. Valtteri Bottas na Mercedes yana na biyu, ya shigo sauya taya, sai notin tayar gaba ta dama ya cinye, ya ƙi fita. Direba lafiya lau, inji lafiya lau, amma tsere ya ƙare mishi nan take. Ba a samu cire tayar ba sai bayan kusan kwana biyu, a masana'antarsu ta Ingila. Noti guda, wanda aparanti na tashar Filinge ke jefawa cikin gwangwani, shi ya zaunar da motar miliyoyi.

A Monza ta Italiya, ranar 12 ga Satumba, an ɓata wa Verstappen daƙiƙa 11 wajen sauya taya. Wannan jinkirin ne ya haɗa shi kafaɗa da kafaɗa da Hamilton a kwanar farko, motarshi ta hau kan ta Hamilton, tayar baya ta sauka daidai saitin kai. Mun tashi tsaye muna salati. Abin da Allah ya sa ya zama sanadin tsirar Hamilton wani ƙarfe ne mai kama da baka da ke kewaye da kan direba, suna ce mishi halo, an wajabta shi tun 2018. Washegari a lakkwal gardamar da munka yi ita ce wa ke da laifi cikin direbobin biyu. Ba wanda ya tambayi wa ya ƙera ƙarfen.

Ranar da ta kunyata ni ita ce 14 ga Nuwamba, tseren Birazil. Kafin ranar, alƙalan gasa sun soke sakamakon gwajin Hamilton saboda tsagar fiffiken bayan motarshi, wadda doka ta ce kada ta wuce milimita 85, ta wuce da ɗigo biyu na milimita, 0.2. Ku ɗauko rula ku dubi milimita ɗaya, ku raba ta biyar. Kashi ɗayan nan ya mai da zakaran duniya sau bakwai can ƙarshen layi. A ɗan gajeren tseren Asabar ya taso daga na 20 ya ƙare na 5, sannan anka sake mai da shi baya wuri biyar saboda sauyin inji, Lahadi zai tashi daga na 10.

Da ƙarfe shida na yamma anka fara. Mun fita munka yi magariba a gurguje, muna dawowa kuran ya ɗauke. Mai gidan kallo ya ja igiyar grup har ya yi zufa, grup ya yi tari sau biyu ya yi shiru. Mu biyar, uku ƴan tarminal, har da mai karatun kimiyya wanda ya iya zana maka yadda inji mai bugu huɗu ke aiki a kan allo, munka tsaya muna haska fitilar waya kamar masu kallon gawa. Sai wani yaro ya taso daga bayan benci. Tare munka fara kwalej da shi, anka kore shi a aji na biyu, ya koma garaji. Ba zan faɗi sunanshi ba, amma laƙabin da munka liƙa mishi Baƙin Mai. Tun da anka hana moto aikin garajinsu ya mutu, shi ya sa yake yini nan. Ya ce: "Ku matsa mini, ƴan boko." Ya kwance buji, ya goge shi, ya duba tazarar bakinshi da ido, ya buɗe karburato ya hure dattin esansi, ya mayar. Ja ɗaya grup ya kama. Ko minti goma bai yi ba. Munka ruga muka ga Hamilton ya wuce Verstappen ya ci tseren, muna ta ihu. Da na waiwaya in yi mishi godiya, ya riga ya fita, ko dala ashirin ba wanda ya miƙa mishi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Daren nan na kasa barci. Tazarar bakin buji da ya auna da ido ba ta kai milimita ɗaya ba. Irin awon da ya hukunta Hamilton a Birazil ke nan, kuma a duk ɗakin nan mutum ɗaya ne hannunshi ya san shi, wanda munka ce ba shi da kai.

Ku san wa kuke rainawa. Injin da ya kai Verstappen ga kofin 2021 na Honda ne. Wanda ya kafa kamfanin a 1948, Soichiro Honda, ɗan maƙeri ne mai gyaran kekuna a wani ƙauyen Japan, yana ɗan shekara 15 ya tafi Tokiyo ya zama aparanti a garaji. Da a Kurfai anka haife shi, da wasunmu sun ce kada a ba shi ɗiya don gidansu maƙera ne. Juan Manuel Fangio na Ajantina, wanda ya ci kofin duniya sau biyar tsakanin 1951 da 1957, yaron garaji ne da ya bar makaranta da wuri. Ku kuma ƴan mata da kuke cewa ba ruwanku: cikin masu yanke wa Verstappen shawarar lokacin sauya taya akwai wata mace, Hannah Schmitz, injiniya ce, kuma ita Red Bull ta tura ta karɓi kofin ƙungiya a Birazil a 2019.

Na san amsar da masu wayon cikinmu za su ba ni, don na riga na ji ta a fada: "Waɗancan ai injiniyoyi ne masu digiri, kada ka haɗa su da yaran tasha." Madalla, kun kawo ni inda nake so. Can, hannun da ke riƙe kile ya san lissafi, mai lissafin kuma ba ya ƙyamar mai. Nan mun raba su gida biyu. Mai kaye ya haddace dokar Ohm bai taɓa haɗa waya biyu ba. Mai kile ya san ciwon inji da kunne, amma in anka kawo mota mai kwamfuta ko takardar bayani da Faransanci, ya tsaya. Kowanensu rabin mutum ne, kuma mu ne munka gina katangar. Ku tuna yadda muke yi in sakamakon BEPC ya fito anka tura wani makarantar koyon sana'a: gaisuwar ta'aziyya muke kai mishi. Lise teknik Ɗan Kasawa na nan Maradi, makarantar EMIG na nan Yamai. Mu nawa munka taɓa tambayar yadda ake shigarsu? Kowa mafarkinshi biro mai sanyi da tambari, alhali mun ga yayyenmu masu digiri shekara nawa suna zaune a fada suna jiran kiran da bai zo ba.

Jami'ar da muke rububin shiga ma sunan wa ta ɗauka? Abdou Moumouni, masanin kimiyyar hasken rana, wanda bai tsaya ga allo ba, ya shiga ɗakin ƙira a ONERSOL ya yi na'urorin dafa ruwa da girki da rana. Muna alfahari da sunanshi, muna gudun aikinshi.

Kada wani ya ɗauka ina cewa ɗan Filinge zai je ya sauya wa Hamilton taya. Garajinmu yana nan gida. Masu noman rani na Bonkuku da ke fitar da dankalin turawa, da injin ban ruwa suke aiki. Injin niƙan unguwa in ya tsaya, uwayenmu ke komawa ga turmi. Fanfon foraji mai aiki da sola in ya lalace a ƙauye, mata da yara ke komawa jan guga har sai an samo mai gyara daga nesa. Ƙasarmu na haƙo uraniyom a Arlit tun 1971, tana tace mai a Damagaram tun 2011. Duk waɗannan wurare noti ne da waya da awo. In mun ce hannunmu ya fi ƙarfin wanga aiki, wani zai zo daga wata ƙasa ya yi shi, ya ɗauki albashin, mu kuma mu rubuta maƙala muna kukan an mallake mu.

Ranar 12 ga Disamba a Abu Dabi, Hamilton da Verstappen sun shiga da maki ɗaya, 369.5 kowane. Hamilton na gaba har saura zagaye biyar, Nicholas Latifi ya daki bango, motar tsaro ta fito. Red Bull sunka kira Verstappen sunka sa mishi sabbin tayoyi masu laushi. Daraktan tsere Michael Masi ya bar motoci biyar kaɗai sunka kauce daga tsakaninsu, ya buɗe zagaye ɗaya na ƙarshe, Verstappen ya wuce. Ni mai goyon Hamilton ne, har gobe ina cewa an taka doka, kuma a Fabrairun 2022 an cire Masi daga kujerar. Sati guda muna wannan gardama. Amma ba wanda ya kula a ranar nan Mercedes ta ɗauki kofin masu ƙera mota karo na takwas a jere, kuma bisa wannan jerin ake raba wa ƙungiyoyi kuɗin gasa, ba bisa na direbobi ba. Su da kansu sun san inda ƙarfin yake.

Ga abin da na yi, kuma ga abin da nake ƙalubalantarku da shi. Na je garajin na ba abokina haƙuri, na kira shi da sunan da ubanshi ya raɗa mishi. Mun yi yarjejeniya: ranar Asabar da safe ina wanke mishi kayan inji yana nuna mini, da dare ina yi mishi lissafi da karatun Faransanci. Makon farko na ƙone yatsa, na ɓatar da noti biyu, yaran garaji sunka yi mini dariyar da na shekara ina yi musu. Na cancanta.

Ƙungiyarmu ta marubuta ta iya haɗa kuɗin buga wanga ɗan littafi. In injin hoton takardar ya tsaya gobe, wa cikinmu zai buɗe shi? Wanda ke da amsa, ya same ni garaji ranar Asabar, ya zo da tsohuwar riga.