Bargon Ƙulli Ba Aikin Ragwaye Ba Ne

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau wata 'yar gardama ce da ta haɗa ni da Yayata, wadda shekara da shekaru ke nan ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, kuma a kan bargo ne. Kada mai karatu ya yi saurin dariya, domin bargon ba na kanti ba ne.

Lokacin da Allah Ya yi wa mahaifiyarmu rasuwa a 2013 ina zaune a jihar Minisota ta Amurka, inda maigidana yake karatu. Da aka raba kayanta sai aka aiko mini da zannuwanta huɗu na atamfa, duk sun sha wanki sun yi laushi. Na yanka su gunduwa-gunduwa, na harhaɗa, na yi bargo da su. Ranar da Yaya ta ga hotonsa ta bugo mini waya, ta ce, "Ke yanzu zannuwan Inna kika daddatsa? To tunda kin riga kin yi ɓarnar, me ya hana ki kai wa masu keke su yi masa ɗinki mai zane-zane irin wanda muke gani a intanet? Sai ki bi shi da ƙulle-ƙulle kamar ƙullin gishirin 'yan talla? Wannan ai aikin ragwaye ne." Na ce, "Allah Ya huci zuciyarki Yaya," na yi shiru. To yau zan ba da amsata.

Irin wannan bargo Amurkawa suna kiransa kwilt, kuma hawa uku ne. Akwai fuska, wadda akan haɗa da guntayen yadi. Akwai baya, wanda yawanci yadi ɗaya ne shimfiɗeɗɗe. Sai kuma ciko, wato shimfiɗar auduga ko gashin tumaki da ake sakawa a tsakaninsu. Dole a sami abin da zai riƙe ukun nan wuri guda, in ba haka ba cikon zai tattare gefe ɗaya. Hanya biyu ce: ko a bi bargon duka da ɗinki layi-layi, ko kuma a ƙulle shi da zare mai kauri a wurare daban-daban. Ta biyun ita na bi.

Sanyi ne ya koya mini bambancinsu. Wanda bai wuce hunturun Kano ko Jos ba bai san abin da ake kira sanyi ba tukuna. A ranar 6 ga Janairun 2014 gwamnan Minisota na lokacin, Mark Dayton, sai da ya sa aka rufe makarantun gwamnati na jihar baki ɗaya saboda tsananin sanyi. Gidan da muke haya tsoho ne, iska tana kurɗowa ta tagogi, kuɗin ɗumama ɗaki kuwa yana neman ya fi ƙarfin ɗalibi. Barguna biyu masu sheƙi na saya wa 'yata, amma kullum da asuba sai in tarar da ita a dunƙule. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu, wadda ta tashi a gidan gona, ita ce ta shigo ta murza bargon da yatsunta, ta ce babu komai a cikinsa. Da ta ga zannuwan Inna a akwati sai ta ce in haɗa fuskar, sauran aikin ta ɗauke mini.

Firam ɗinta ba wani abin a zo a gani ba ne. Katakai huɗu ne dogaye, kowanne an buga masa ƙyalle a jiki, a haɗa kusurwoyinsu da maƙalan ƙarfe masu ɗauri, a ɗora bisa bayan kujeru huɗu. Yadin baya aka fara ɗamewa a kai, fuskarsa tana kallon ƙasa, aka kama shi da ƙyallen katakan har ya miƙe sumul. Aka shimfiɗa cikon a kansa, wanda tun daren jiya ta sa na warware shi don ya saki jiki. Ta gargaɗe ni cewa ciko shafa shi ake yi, ba a jan sa, domin in an ja shi zai yi sirara a wani wuri. Daga nan aka ɗora fuskar. Mu uku muka zauna, ni da ita da wata ƙawarta, kowa da basillarta da zaren ulu. A soka basilla ta ratsa hawa ukun, a dawo da ita kusa da inda ta shiga, a maimaita, sannan a ƙulla dama bisa hagu, hagu bisa dama, a yanke a bar ɗan jela. Tazarar ƙulli da ƙulli faɗin dunƙulen hannu ce, kimanin inci 4. In an gama iya inda hannu ke kaiwa sai a kwance maƙalan, a naɗe bargon a jikin katako, a matsa ciki. Bargon inci 60 ne a faɗi, 80 a tsawo, wato ƙulli kusan 300, amma tsakanin azahar da magariba muka kammala. A ranar na ƙara yarda cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

To ga hujjata ta farko, kuma ita ce babba. Bargo ba shi da zafin kansa. Ɗumin jikinka ne yake tsarewa, kuma abin da ke tsare ɗumin shi ne iskar da ta maƙale a tsakanin silin cikon. Gwargwadon tashin ciko, gwargwadon iskar da ya riƙe. Duk inda layin ɗinki ya bi, ya danne cikon ya kori iskar wurin. Saboda haka bargon da aka cika shi da zane-zanen ɗinki yakan fito a daddanne, ya yi kyan gani a bango ko a bisa gadon baƙi, alhali na ƙulli, da yake wurare kaɗan aka matse, yana nan a kumbure. Yaya tana kallon fuska, ni kuma yarinyar da ke rawar ɗari da asuba nake kallo. Fankan-fankan ba shi ne kilishi ba.

Shi ya sa nake ganin zaɓen ciko ya fi zaɓen atamfa muhimmanci. Iri uku aka fi samu. Auduga tana da nauyi, tana barin jiki ya sha iska, amma ba ta tashi sosai, tana ɗan tsukewa a wankin farko, kuma in ta jiƙe takan daɗe ba ta bushe ba. Irin ta dā, wadda ba a yi mata wani riƙo ba, sai da ɗinki kusa-kusa, don haka ba ta dace da ƙulli ba. Akwai ta zamani da injin ya caccake ta da allurai ya haɗa ta da siririn raga, wadda wasu kamfanoni ke rubuta cewa tana jure tazara har inci 10. Sai foliyesta, wato audugar roba: ga araha, ga tashi, ga saurin bushewa, kuma ita mafi yawan masu ƙulli suke saye. Aibinta shi ne tana sa gumi, silinta yakan ɓullo ta cikin yadi, kuma in wuta ta taɓa ta narkewa take yi ta manne, abin da ya kamata mai kwana kusa da kasko ko hita ya sani. Na uku gashin tumaki. Shi ne mai tsada, kuma wankinsa sai da lallami da ruwan sanyi, amma ba shi da nauyi, yana tashi, yana shanye danshin jiki ba tare da mutum ya ji jiƙa ba. Shi na saya, bayan na yi kwana biyu ina lissafi. Shawarar tsohuwar nan ita zan ba kowa: kafin ki sayi ciko, tambayi kanki wa zai rufa da shi, a wane ɗaki, kuma wa zai wanke shi. Sannan ki karanta tazarar da aka rubuta a jikin ledar, kada ƙullinki ya wuce ta.

Ba zan ɓoye inda Yaya take da gaskiya ba. Bargon ɗinki ya fi na ƙulli jure wanki, musamman a injin. Ƙulli yana iya kwancewa, kuma in an yi rowar sa ciko yakan dunƙule. Gasar barguna da dama a Amurka ba sa ma karɓar na ƙulli, domin ƙwarewar ɗinki suke aunawa. Haka nan bai dace da jariri ba, kai likitocin yara ma sun hana a rufa wa ɗan ƙasa da shekara ɗaya kowane irin bargo a wurin barci. Sai dai ƙullin da ya kwance, minti ɗaya ya isa a mayar da shi, kuma zaren ulu na gaske yana ƙara cukurkuɗewa da wanki har ƙullin ya kama kansa. A tsawon shekarun nan guda bakwai kacal na sake.

Maganar yanka zannuwa kuwa, ina so Yaya ta ji labarin matan Gee's Bend, wani ƙauyen baƙaƙen fata a jihar Alabama, jikokin bayin da suka yi noman auduga a wurin. Da tsofaffin wandunan aiki da buhuna da ragowar auduga suke haɗa bargunansu, don kawai 'ya'yansu su yi barci a gidajen katako marasa ɗumi. Wasunsu da kayan mazajensu da suka rasu suka yi. A 2002 aka baje bargunan a gidan adana zane-zane na birnin Hustan, daga nan aka kai su gidan Whitney da ke Niyok, a 2006 kuma hukumar gidan waya ta Amurka ta buga hotunansu a kan sarki. Matan nan ba su nemi ado ba, ɗumi suka nema, adon ya biyo baya.

Mu ma ai ba baƙin wannan hikima ba ne. Duk wanda ya taɓa kallon hawan Sallah ya ga 'yan lifidi, su da dawakansu cikin tufa mai hawa-hawa da aka cusa wa auduga. Kakanninmu da suka shiga fagen fama da shi sun san cewa abin da ke tsare kibiya yana ciki, ba a launin yadin yake ba.

Zannuwan da Yaya ta samu a rabonta suna nan a ƙasan akwati da kafur, shekara-shekara take fito da su ta shanya, ta yi kuka, ta mayar. Ban ga laifinta ba, kowa da yadda yake riƙe nasa. Nawa kuma yau fiye da shekara goma ana rufa da su. Yarinyar da ba ta yi wa kakarta wayo ba ta san wane ne zanen da Inna take ɗaurawa ranar Juma'a, ta san wanda ta goya ni da shi, domin ta sha kwanciya tana bin su da yatsa tana tambayata. Mun dawo gida da bargon, kuma hunturun bara da Yaya ta kwana a wurinmu shi na shimfiɗa mata ban ce komai ba. Da safe ita ma ba ta ce komai ba, illa dai na tarar ta ninke shi da kanta, ta daɗe tana shafa ƙullin. Har yanzu ba ta janye kalmar ragwanci ba, ni ma ban matsa ba.

Allah Ya jiƙan iyayenmu, Ya sa mu dace. Sai mun sake haɗuwa.