Taya Mai Kuka Da Taya Mai Shiru: Amsa Ga Malamin Rogo

A cikin wasiƙun da suka iso mana wannan mako akwai ta wani malamin makaranta daga ƙasar Rogo, wanda ya ajiye alli bayan shekaru masu yawa, ya tattara ɗan abin da aka sallame shi da shi ya sayi a-kori-kura, don ya riƙa kwaso masara da rake daga ƙauyuka yana kaiwa kasuwa. Ya ce ya sami motar da tayoyi masu manyan haƙora, irin waɗanda samari ke sha'awa. A cikin gona ba su da laifi, amma da ya hau kwalta ya nufi Karaye, ya bi ta Gwarzo zuwa Kano, sai su kama kuka kamar injin niƙa, har ba ya jin maganar wanda ke zaune kusa da shi, in ya sauka kuwa kansa na sarawa. Yanzu sun kusa sidewa, kuɗin da ke hannunsa kuma na saye ɗaya ne, in ya yi kuskure sai baɗi. Yana tambaya wace iri zai saya.

To, Malam, mun gode da wannan tambaya, gama ba kai kaɗai ta dama ba. Bari mu fara da inda kukan ya ke fitowa. Haƙoran taya kowane ɗaya yana dukan ƙasa sa'ad da ya iso ta, iskar da ke tsakaninsa da ɗan'uwansa kuma ta matse ta fita da ƙarfi. In haƙoran manya ne, da rata mai faɗi a tsakaninsu, dukan ya kan yi nauyi, ya kuma yi ta maimaituwa har ya zama guɗa. A kan turɓaya ƙasa ta kan shanye shi, a kan kwalta kuwa ba abin da zai shanye. Masu ƙera taya sun san haka, shi ya sa za ka ga a kan taya mai kyau haƙoran ba girmansu ɗaya ba, wani dogo wani gajere, an yi haka ne da gangan don kada muryarsu ta haɗu wuri ɗaya.

Tayoyin irin motarka kashi uku ne, kuma yawanci an rubuta alamar a jikinsu. Akwai H/T, ta kwalta, mai ƙananan zane, ita ce ta fi shiru da sauƙin shan mai. Akwai M/T, ta taɓo, watau irin wadda ke damunka. Sa'an nan akwai A/T, ta tsaka-tsaki, wadda aka yi don kwalta da burji duka.

Kafin ka zaɓa, Malam, muna roƙonka ka koma ga sana'arka ta da, ka buɗe rajista. Rubuta tafiye-tafiyenka na shekara, ka raba su: nawa ne a kan kwalta, nawa a kan burji da turɓaya, nawa a cikin taɓo na gaske wanda mota ke nutsewa. Mun tabbata lissafin zai ba ka mamaki. Masara da dawa da waken suya da kaka a ke kwasarsu, bayan ruwa ya ɗauke. Rake da rani a ke saransa. Tumatir da albasa na masu noman rani a gefen dam ɗin Challawa na Karaye, wanda aka gama a 1992, su ma da rani ne. Ashe lokacin da motarka ta fi aiki, hanya a bushe ta ke. Abin da ya rage na damina shi ne kai taki gona a watan Yuni da Yuli, da 'yan makonnin Agusta da ruwa ke tsananta. Ina amfanin mutum ya sha kuka wata goma saboda taɓon wata biyu? Ga shi kuma taya mai manyan haƙora ta fi cin mai, ta fi saurin cinyewa a kan kwalta, in an yi ruwa kuma ba ta kama birki a kan kwalta kamar 'yan'uwanta, gama robar da ke taɓa hanya kaɗan ce. Daɗa kuma tana tsufa kukanta na ƙaruwa.

Saboda haka shawararmu gare ka ita ce A/T. Amma fa su ma ba ɗaya su ke ba. In ka je Kofar Ruwa ko wurin wani mai sayarwa, sa a jera maka biyu ko uku ka duba da idonka. Zaɓi wadda haƙoranta na tsakiya suka matsu da juna, kamar layi ɗaya ya zagaye tayar, ratar kuma ta fi buɗewa a kafaɗa. Wannan za ta yi shiru a hanyar Kano, ta kuma ciji ƙasa a hanyar Zarewa ko Fulatan. Ba mu ce M/T ba ta da rana ba. Wanda gidansa ke bayan fadama mai baƙar laka, inda in Agusta ya shiga sai an yi turi, shi kam ya saye ta ya daure da kukan, gama kwana a cikin taɓo da lodin taki ya fi ciwon kai ciwo.

Ga wani tarko kuma da masu neman shiru kan faɗa, shi ne ya fi ba mu tsoro. Mutum ya kan ji an ce taya kaza ba ta da ƙara, ya saya, ashe ta motar shiga ce, ba ta lodi ba. Gefenta taushi ne, kututturen kara ɗaya a gona ya isa ya farke ta, in kuwa ta sha nauyi da zafin bazara sai ta fashe ana cikin gudu. Nemi wadda aka rubuta LT kafin lambar girmanta, ko C a bayanta, kamar 205R16C, waɗannan su ne na ɗaukar kaya. Dubi kuma lambar nauyi. In ka ga 104, taya ɗaya na ɗaukar kilo 900. In 112 ce, kilo 1,120. Watau na baya biyu masu 112 iyakarsu kilo 2,240, a ciki kuwa har da nauyin bayan motar kanta. Yawancin a-kori-kura don kamar tan ɗaya aka yi su, watau buhu goma na masara mai kilo 100. Mun san abin da a ke lodawa ranar kasuwa, ba sai mun faɗa ba. Lalle tayar lodi ta ɗan fi tauri, ta ɗan fi jijjiga in mota ba kaya, amma a nan ƙarfi ne gaba, shiru na biye.

Kada wani ya ce neman shiru son jin daɗi ne kawai. Direba da kunne ya ke sanin lafiyar motarsa. Boris ɗin ƙafa in ya fara lalacewa kuka ya ke yi, mai kama da na taya ƙwarai, kuma taya mai guɗa ta kan rufe shi har sai ranar da ƙafa ta ƙame ko ta fita. Ga yadda za ka bambance su: kukan taya ya kan sauya in ka sauka daga kwalta zuwa turɓaya, na boris kuwa yana nan ko'ina, sai dai ya ƙaru ko ya ragu in ka ɗan karkata sitiyari dama ko hagu. Gwada wannan a hanyar da ba kowa, a hankali, tun kafin ka kashe kuɗinka, kada ka sayi tayoyi huɗu kukan kuma yana nan. Shafa tafin hannunka a kan tsofaffin. In ka ji sun yi tudu da kwari kamar bakin zarto, shokazoba ce ta mutu ko saitin ƙafa ya goce, sababbin ma haka za su koma in ba a gyara ba.

Sauran maganar sabuwa da kwance. Da muna da masana'antun taya a ƙasar nan, Michelin a Fatakwal da Dunlop a Ikeja, amma ta farko ta rufe a 2007, ta biyu a 2008, sai kasuwa ta cika da na waje, har da tsofaffin da aka gama ci a Turai, ko da ya ke doka ta hana shigo da irinsu. Sayen kwance cinikin biri a sama ne, gama ba ka san ramin da ta faɗa ba. Ko sabuwa ce, duba shekarunta. A gefen taya akwai rubutu mai farawa da DOT, lambobi huɗu na ƙarshe su ne mako da shekarar da aka yi ta: 2321 ma'anarta mako na 23 na 2021. Roba tana bushewa ko ba a hau ta ba, balle wadda ta daɗe a rana a ƙofar kanti. Wasu sababbin kuma su kan zo da takarda manne irin wadda ƙasashen Turai suka wajabta tun 2012, mai nuna ƙarar taya da lamba. Ƙaramar lamba ita ce mafi shiru. Ƙarar da na waje ke ji ce aka auna, amma tana taimakawa wajen gwada biyu.

In ka saya, sa huɗun su zama iri ɗaya, girma ɗaya, musamman in motarka mai jan ƙafa huɗu ce. Auna iska da safe kafin taya ta ɗauki zafi, da geji, ba da dukan ƙarfe irin na yaran mota ba, ka bi adadin da aka rubuta a jikin ƙofar direba. In rairayi ko taɓo ya tsare ka, rage iska kaɗan za ta fitar da kai, amma ka tsaya wurin mai faci na farko a mayar kafin ka hau kwalta. Kowane kilomita 10,000 a juya na gaba su koma baya don su ci daidai.

Muna sauraron wasiƙarka bayan kaka, Malam, mu ji wadda ka saya da yadda ta yi da hanyar Rogo. Direbobin Karaye da suka gwada A/T a cikin damina su ma su rubuto, fili nasu ne.