Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ma'aikatar Ilimi Ta Jihar Kano Kan Koyar Da Adon Harshe A Makarantun Karkara

Zuwa ga Mai Girma Kwamishinan Ilimi da Hukumar Kula da Manyan Makarantun Sakandare ta Jihar Kano.



Manufar wannan wasiƙa ita ce jawo hankalin ma'aikata zuwa ga wani ɓangare na darasin Turanci da yake kayar da ɗalibai a makarantun karkarar arewacin Kano, irin na Dambatta da Makoɗa da Bichi da Tsanyawa da Minjibir da Bagwai, wato adon harshe da keɓaɓɓun kalmomin nazarin adabi. Adon harshe shi ne duk wata dabara da mai magana ko marubuci yake bi ya kauce wa faɗar abu kai tsaye domin maganarsa ta yi armashi, ta kuma zauna a zuciyar mai sauraro. Tun da gwamnati ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yunin 2024 hankali ya fi karkata ga gine-gine da kujeru da ɗaukar malamai, kuma duk sun cancanta, amma yadda ake gabatar da darasi a cikin aji ma yana buƙatar a dube shi.

Muhimmancin wannan fanni a jarrabawa ba ɓoyayye ba ne. A takardar Turanci ta WAEC da ta NECO akan ciro wata jimla daga nassin auna fahimta a tambayi ɗalibi irin adon harshen da ke cikinta da ma'anarta, a takardar farko ta Adabin Turanci ta WAEC kuwa, daga cikin tambayoyi 50, guda 20 a kan sanin adabi ne gaba ɗaya, 10 kuma a kan zube da waƙar da ɗalibi bai taɓa gani ba. Sakamako mai kyau a Turanci sharaɗi ne na shiga jami'a, haka nan Adabin Turanci ga mai son karanta aikin lauya, saboda haka makin da ake zubarwa a nan yakan rufe wa yaro ƙofa.

Tushen matsalar shi ne yawancin sunayen waɗannan dabaru a Turanci aro ne daga Girkanci da Latin, masu nauyin furuci da wahalar rubutu, kuma hanyar da aka saba bi ita ce malami ya jera su a kan allo tare da ma'anoninsu, ɗalibai su kwafa su haddace. Ɗalibin da ba ya jin Turanci sai a cikin aji yakan riƙe sunan har ranar jarrabawa, amma idan aka ajiye masa nassi a gabansa ya kasa nuna inda dabarar take, domin bai taɓa sanin cewa abin da ake nufi abu ne da yake ji kullum a gida da gona da kasuwa ba.

Yaron da ya tashi a wannan yanki, inda gonaki suke manne da juna kuma ake noma su kowace shekara da takin gida, ya girma ne cikin kirari da karin magana da waƙoƙin gayya da na daɓe da na niƙa. Idan aka ce wane kamar zaki yake a bakin kunya, an yi kamantawa, wato gwada abu biyu da taimakon kalma irin "kamar" ko "tamkar". Idan aka jefar da kalmar aka ce wane zaki ne, an yi siffantawa. Manomin da ya ce gero ya yi murmushi bayan ruwan daren jiya ya yi mutuntarwa, domin ya ba abin da ba mutum ba halin mutum, wanda kuma ya ce dawarsa ta taɓo gajimare ya yi kambamawa. Mai sanar da rasuwa da cewa wane ya riga mu gidan gaskiya ya yi sakaya, uwar da ta ce wa yaron da ya fasa tulu "madalla, ka kyauta" kuma ta yi gatse. Kowace daga cikin waɗannan tana da takwara a manhajar Turanci. Wanda ya zauna a makarantar zaure ko ya yi nisa a Islamiyya yana iya ƙarawa da tashbihi da isti'ara da kinaya na ilimin balaga.

Masana sun riga sun share fage. Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo ya tsara hanyar feɗe rubutacciyar waƙa da kalmomi irin su jigo da salo da amsa-amo da gangara, Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya yi makamancin haka ga waƙar baka a littafinsa na 1993, sannan akwai ƙamus na keɓaɓɓun kalmomin Hausa da Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990. Ɗalibi ɗaya yakan koyi waɗannan kalmomi a darasin Hausa da safe, ya haɗu da takwarorinsu a darasin Turanci da hantsi, ba tare da wani ya gaya masa abu ɗaya ake nufi ba.

Wajibi ne kuma a nuna inda harsunan biyu suka rabu, domin nan ne ake yawan tuntuɓe. Amsa-amo a waƙar Hausa yakan tsaya a kan gaɓar ƙarshe ta layi, kuma ido yana ganinsa a rubuce, alhali na Turanci da kunne ake kama shi, tunda kalmomi biyu kan dace a sauti su saɓa a haruffa. Karin rubutacciyar waƙar Hausa an gina shi a kan gaɓa mai nauyi da marar nauyi, bisa tafarkin arulin Larabci, na Turanci kuwa a kan gaɓar da ake ƙarfafa furucinta da wadda ake sassautawa. Nazarin Hausa ya ware dabbantarwa, wato ba mutum halin dabba, da abuntarwa, wato ba shi halin abu marar rai, da sunayensu, Turanci kuwa yakan zuba su cikin siffantawa.

Bisa wannan ake ba ma'aikata shawarwari huɗu. Na farko, sashen albarkatun ilimi na jiha, KERD, ya haɗa kai da masanan Jami'ar Bayero a fitar da ɗan littafi mai araha, wanda zai kawo kowace dabara da sunanta na Hausa da na Turanci, da misali daga kowane harshe, da gargaɗi a inda ba su dace ba. Na biyu, a shirya wa malaman Hausa da na Turanci bita tare a lokacin hutu, a wuri mafi kusa da su irin Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Bichi, sannan a umarci shugabannin makarantu su sa su riƙa tsara wannan darasi tare. Na uku, a rage hadda a yawaita aiki da nassin da ɗalibi bai sani ba, a riƙa neman ya nuna dabarar, ya faɗi sunanta da Turanci, ya bayyana aikin da ta yi a wurin, kuma jarrabawar share fage da jiha ke yi wa ɗalibai ta bi wannan salo. Na huɗu, a kammala wannan sashe na manhaja da rani, domin jarrabawar WAEC da ta NECO suna faɗawa ne tsakanin Mayu da Yuli, daidai lokacin sharar gona da shuka da noman farko, sa'ad da iyaye suka fi buƙatar hannun 'ya'yansu.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan shawarwari da ke neman a rage wa Turanci matsayi, domin da Turanci ɗalibi zai amsa tambaya, kuma dole ya iya rubuta kowane suna daidai. Abin da ake nema shi ne a fara daga abin da yaro ya sani a kai shi ga wanda bai sani ba, kuma kuɗin yin haka bai kai na gina ajujuwa kaɗan ba. Ana roƙon Mai Girma Kwamishina da ya sa a fara wannan aiki kafin zangon karatu mai zuwa, a kuma soma da makarantun karkara, waɗanda suka fi kowa ƙarancin littattafai da malaman Turanci. Allah Ya yi jagora.

Wassalam.

Daga mai nazarin harshe da adabi, Dambatta, Jihar Kano.