Masu Ɗigawa Da Masu Tanki

Kwanan baya wata gardama ta hana ni karatu a ɗakin kwananmu har tsakar dare. Abokan zamana biyu, dukansu masu zuƙar sigarin lantarki, suka yi ta ɗaga murya a kan wace hanya ta fi, ɗigawa ko tanki. Tun da abin ya riga ya shigo jami'a, gara a yi maganarsa a fili.

Ga wanda bai sani ba, a cikin na'urar akwai wani ɗan murhu, watau waya a nannaɗe da lagwanin auduga a tsakiyarta. Batir ya ɗuma wayar, ruwan da lagwanin ya sha ya zama tururi. Mai tanki yakan cika tankinsa ya bar lagwani yana tsotsa da kansa. Mai ɗigawa kuwa buɗe murhun yake yi, ya ɗiga ruwan bisa audugar, ya ja kaɗan, ya sake ɗigawa. Hujjarsa ita ce tururin ya fi kauri, ɗanɗanon ya fi fitowa. Ban musa masa ba.

Amma fa ɗigo ba ya daɗewa. Da zarar audugar ta bushe alhali wayar tana nan da zafinta, sauran ruwan sai ya ƙone ya fid da gubobi irin su fomaldehaid. Mai tanki ma hakan takan same shi, sai dai mai ɗigawa kullum a bakin wannan ramin yake. Kada a ce kuma abin na ƙwararru ne kaɗai: a 2017 masu bincike na Jami'ar Yale suka ba da rahoton cewa a wasu makarantun sakandare na Amurka, wajen ɗaya cikin huɗu na ɗaliban da suka taɓa shan wannan sigari sun gwada ɗigawa.

A batun tsabta kam, dole in ba mai ɗigawa gaskiyarsa. Zaƙin da ake sa wa ruwan yakan daskare a jikin waya ya yi baƙi ƙirin, kamar ƙanzo a gindin tukunya. Shi yana ganin murhunsa, yana iya zare tsohuwar auduga, ya ɗauraye wayar, ya sa sabuwa. Murhun tanki galibi a rufe yake, sai dai a sayi wani, ɗalibin da aljihunsa ya bushe kuwa sai ya yi ta jan ƙauri mako da makonni. Ga kuma al'adar nan ta miƙa wa aboki ya ja, baki ɗaya bakuna goma, ba ko gogewa. Duk da haka wanki ba ya kawar da kome da kome. A 2018 masana na Jami'ar Johns Hopkins suka sami dalma da nikel da wasu ƙarafa a cikin tururin.

A ganina dai, wanda ya ɗauki na'urar don ya rabu da taba, ya tsaya ga tanki, ya riƙa sauya murhu kan kari, yana rage nikotin har ya ajiye. Da wannan niyyar ne Hon Lik, wani mai haɗa magunguna ɗan ƙasar Sin wanda sankarar huhu ta kashe mahaifinsa, ya ƙera ta a 2003. Ɗigawa tana mai da ita abin wasa da gasar tururi. Abokina mai ɗigawa bai taɓa kunna karan sigari ba kafin ya zo jami'a, yanzu kuwa da asuba kwalbar ruwan yake fara lalubawa kafin buta.